Ina da sikila, Kawu ya biya min Umara, Umma tace ba zan hau jirgi ba

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo, na ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Anti. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, SS ne ni. Kawuna ya biya min kujerar Umara ta azumin bana kuma ban taɓa hawa jirgin sama ba. Umma tace sam bata yarda ba, wai wata maƙociyarmu ta faɗa mata iska ƙarewa take a sama, mai sikila in ya hau sai dai a sauko da gawa. Na taɓa zuwa Jos da hunturu ciwo ya tasar min kwana biyu da zuwa, to da wannan take kafa hujja. Rabona da kwanciya asibiti wata uku kenan. Abokina yace in ja bakina in yi shiru kar in faɗa wa ejen ko 'yan jirgi komai, in na faɗa hanani za suyi. Kuma ni so nake in yi tafiyar da azumi a bakina. Dan Allah Anti meye gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumussalam ƙanena. Allah ya saka wa Kawu da alheri, kai kuma Allah ya ƙara lafiya. Kafin mu zo maganar sama da iska bari in fara da abun da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarka, wato shawarar abokin nan naka. Dan girman Allah ka ajiye ta. Nasan da kyakkyawar niyya ya faɗa, baya so kujerar ta wuce ka, amma duk cikin abubuwan da ka lissafa ɓoyewar nan ita ce ta fi bani tsoro, ta fi jirgin kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu sikila suna hawa jirgi kullum, suna zuwa Makka suna zuwa karatu Masar da Indiya suna dawowa lafiya lau, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya SS ce kuma ni na rakata tafiyarta ta farko, so ba labari aka bani ba. Amma waɗanda na gani sun sha wuya a aikina na jinya, kusan duk waɗanda suka tafi ne ba shiri, ba wanda ya sani, ba ruwa a ciki.

Toh maganar maƙociya. Rabinta gaskiya ne rabinta ƙari. Iska bata ƙarewa a jirgi, amma eh, abun da jininka yake samu a sama bai kai na ƙasa ba, kuma ga mai sikila wannan ba ƙaramar magana bace, dan haka Umma bata yi laifi ba da hankalinta ya tashi.

Ga yadda abun yake. Iskar da muke shaƙa, oksijin ɗin cikinta kashi 21 ne cikin 100, a Kano haka ne, a saman dutse haka ne, a can inda jirgi ke tafiya ma haka ne. Abun da yake canzawa ƙarfin matsin iskar ne. Ka san gidan bene a unguwanninmu, ruwan famfo ɗaya ne amma na ƙasa yana zuba da ƙarfi, na hawa na uku sai ɗigo, ba ruwan ne ya canza ba ƙarfin turowar ne ya ragu. To haka huhu yake, matsin iska ne yake tura oksijin ya ratsa huhu ya shiga jini, duk sanda kayi sama matsin na raguwa. A tsayin ƙafa 18,000 ya koma rabi. Jiragen fasinja kuwa suna tafiya ne tsakanin ƙafa 30,000 zuwa 41,000, sama da ƙololuwar dutsen Eberes mai mita 8,849, a can matsin wajen rubu'in na ƙasa ne, sanyin waje kuma ya kai digiri 50 ƙasa da sifili. Ba ɗan adam ɗin da zai rayu a wannan wajen a buɗe, mai sikila ne ko mai AA.

Shi yasa jirgin a toshe yake ruf, ana ɗibar iskar waje a matse ta a daidaita ɗuminta a turo ciki ba tsayawa, akwai kuma wata 'yar ƙofa da take sakin tsohuwar a hankali, so iskar ciki tana sabuntuwa duk bayan 'yan mintuna, ta ma fi ta wasu ofisoshin da muke wuni a ciki sabuntuwa. Sai dai ba a matse ta har ta kai irin ta ƙasa, dan in akayi haka jikin jirgin zai sha matsi da yawa sai an yi shi da kauri da nauyi. Ana barinta ne kamar kana zaune a tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, wato mita 1,800 zuwa 2,400, kuma doka bata yarda a wuce 8,000 ɗin ba a tafiya ta yau da kullum. In kana son ka gane lissafin da kyau, Kano tana wajen mita 480 ne daga teku, Jos wajen 1,200, tsaunin Mambila wajen 1,600, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419. Kenan zamanka a kujerar jirgi kamar an ɗauke ka daga Kano cikin minti ashirin an ɗora ka kusa da kan Chappal Waddi an ce zauna nan awa biyar. A wannan tsayin abun da huhunka yake samu daidai yake da a ce iskar ƙasa ta koma kashi 15 maimakon 21. Sababbin jirage irin Boeing 787 da Airbus A350 su suna riƙe shi wajen ƙafa 6,000, da ɗan sauƙi.

Ni da idona na gwada. Ranar da muka tashi da ƙanwata na tafi da ɗan abun nan da muke matsawa a yatsa a asibiti, oksimita. Muna zaune a filin jirgin Malam Aminu Kano na saka a yatsana ya nuna 98, da muka yi kamar awa ɗaya a sama na sake sakawa ya nuna 93, kuma ni lafiyata ƙalau ban ji komai ba sai ɗan barci-barci. Ledar biskit ɗin da na siyo ta kumbura tam kamar balan-balan, gorar ruwan da na sha rabi na rufe a sama kuma da muka sauka na ganta ta lotse kamar an taka. Wannan duk aikin matsin iska ne, kuma abun da ya faru da ledar yana faruwa da iskar cikin kunnenka da ta hanjinka, tana buɗewa da kusan kashi 30 cikin 100, shi yasa kunne ke toshewa ciki ke kumburi. Mai lafiya jininsa yakan sauko daga 97 ko 98 zuwa wajen 90 da wani abu, jiki ya ɗan ƙara saurin numfashi da bugun zuciya ya cike gurbin, shikenan, yawanci ma baya sani.

Kai kuma naka jinin daban ne, kuma ka fini sanin haka tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sinadarin da yake ɗaukar oksijin a ƙwayar jininka, in ya saki oksijin ɗin ya daɗe bai samu wani ba sai ya dinga haɗewa yana sandarewa, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta ƙi wucewa ta ƙananan jijiyoyi, daga nan sai toshewa, sai ciwon ƙashi da baya da ƙirji da ka sani. Ga kuma ƙwayoyin naka basa daɗewa, kwana 10 zuwa 20 maimakon 120 na sauran mutane, so dama can jinin kaɗan ne, ba rarar da za a ce an taɓa. Abubuwan da suke tayar da ciwon ka san su, ƙarancin oksijin, ƙishirwa, sanyi, gajiya, zazzaɓi. Yanzu ka duba jirgi: oksijin ya ragu, iskar ciki busasshiya ce ƙwarai laimarta bata fi kashi 10 zuwa 20 ba kamar tsakiyar hunturu, ga sanyin na'ura, ga zama waje ɗaya awanni, ga gajiyar jira a filin jirgi tun daren jiya. Duk sun haɗu a waje ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ne kawai ba a hannunka yake ba, wato tsayin, shima likita yana da abun yi a kai. Sauran huɗun kuwa duk kai zaka iya maganinsu.

Na Jos ɗin nan, mita 1,200 ba wani tsayi bane da zai rage oksijin sosai, ni nafi zargin sanyin Jos da hunturu da wahalar mota, wataƙila ma baka sha ruwa a hanya ba dan kar ka dinga tsayar da direba. Amma ka faɗa wa likitanka labarin yadda yake, musamman in ciwon a ƙirji ya kama ka lokacin.

Abu na farko kenan, likita, kuma ba saura kwana uku ba. Tun yanzu, sati huɗu zuwa shida kafin tafiya, ka je asibitin da kake ganin likitan jini, ko na Malam Aminu Kano ne ko Murtala ko ina ne, kace masa ƙarara zan hau jirgi awa kaza ranar kaza. Zai duba PCV da Hb ɗinka, wato ma'aunin yawan jininka da na sinadarin nan mai ɗaukar oksijin, ya gwada da inda ka saba zama in kana lafiya, zai auna oksijin ɗinka kana zaune da kuma bayan ka ɗan yi tafiya, zai saurari ƙirji. Ƙa'idar da likitocin harkar jirage suke bi ita ce wanda ciwo ya tasar wa ya jira aƙalla kwana 10 bayan ya lafa kafin ya hau, wanda Hb ɗinsa ya gaza wajen 8 kuma sai an masa duba na musamman, duk da ana la'akari da cewa masu sikila da yawa jikinsu ya saba da ƙaramin jini. Kai wata uku rabonka da kwanciya, wannan alama ce mai kyau. Tambayoyin da nake so ka amsa masa tsakaninka da Allah: ciwon ya taɓa kama maka ƙirji har aka saka maka oksijin? ka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko da na ɗan lokaci ne? kana haki in ka hau bene hawa ɗaya ko kayi tafiyar mita 50? ana yawan ƙara maka jini? In amsar ɗaya daga ciki eh ce, ko kuma oksijin ɗinka a ƙasa ma baya kaiwa 95, to mai yiwuwa yace sai da oksijin a jirgi. Akwai ma gwajin da ake yi a wasu manyan asibitoci, a baka iska mai kashi 15 ka shaƙa na minti 20 a ga yadda jininka zai yi, kamar an kawo maka jirgin ƙasa kenan. Wani kuma likita zai ga ya dace a ƙara masa jini kafin tafiya, amma wannan hukuncin likita ne ba kowa ake wa ba, kar ka je ka nema da kanka.

Kaga inda shawarar abokinka ta rushe. Oksijin a jirgi ba abu bane da zaka ɗaga hannu a sama kace a kawo maka na awa biyar. Tulun da ma'aikata suke dashi na gaggawa ne. Wanda yake buƙata tun daga tashi har sauka sai ya cike fom ɗin lafiya na kamfanin, ana ce masa MEDIF, likita ya sa hannu, a tura musu aƙalla kwana biyu zuwa uku kafin tafiya, ni nafi son sati biyu saboda yanayin ejen-ejen ɗinmu. Wasu kamfanonin su suke kawo tulun su caje ka, wasu su yarda ka shigo da 'yar na'urar tace oksijin mai batir in tana cikin waɗanda aka amince dasu, da batirin da zai kai tsawon tafiyar da rabinta. Tulun gida dai yawanci ba a barin ka shiga dashi. Kuma fom ɗin nan ba na korar mutane bane, na shiri ne, mafi yawan waɗanda suka cike ana barinsu su tafi. In ma likita yace baka buƙatar oksijin, ka karɓi takardarsa da turanci mai ɗauke da sunan ciwon, rukunin jininka, Hb ɗin da ka saba dashi da magungunan da kake sha. Wannan takardar tana da wani amfanin babba, Saudiyya bata wasa da magunguna irin tiramadol da kodin da mofin, in akwai irinsu cikin maganin ciwonka to lallai su kasance cikin kwalinsu da takardar likita a tare, kar ka juye su a leda, kar kuma ka karɓi saƙon maganin kowa. Duk maganinka, folik asid, haidiroksiyuriya in kana sha, na kariyar maleriya, a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba.

Sai hanya, kuma wannan mutane basa lura dashi sam. Ka tambayi ejen ta ina jirgin zai bi. Kano zuwa Jidda kai tsaye awa huɗu da rabi zuwa biyar ne, wani lokacin ya ɗan fi. Amma tikiti mai araha sau da yawa ta Adis Ababa yake bi, ita kuma Adis tana kan tsayin mita 2,300 da wani abu, wato ka sauka daga jirgi amma a wajen huhunka kamar baka sauka ba, in jiran awa takwas ne ko kwana to ka haɗa da awannin jirgi biyu ka ga tsawon lokacin da jininka zai yi a ƙarancin oksijin, ga garin da sanyi da daddare. In da hali a samu kai tsaye, in babu to ta Alƙahira ta fi maka dan ita kusan daidai teku take. In akwai ƙarin kuɗi ka faɗa wa Kawu dalili, wanda ya biya kujera sukutum ba zai ƙi cikon da zai kare lafiyarka ba.

Kuma in za a iya, a fara sauka Madina. Dalilina harami. In Jidda za ku sauka ku wuce Makka, dole ka ɗaura harami tun a Kano ko a cikin jirgi kafin a zo daidai miƙati, ka zauna da ƙyalle biyu ba riga ba safa ba hula a cikin wannan sanyin, na ga maza masu lafiya suna karkarwa balle kai. In Madina kuka fara kuwa zaka hau da rigar sanyinka da safa da hula, ka huta kwanaki, sannan ka ɗau harami a Zul Hulaifa a ƙasa hankali kwance. In ba yadda za ayi sai Jidda, ka nemi bargo ka lulluɓa jikinka, ka kashe 'yar ƙofar iskar da take hurowa ta saman kanka, ka kuma tambayi malami tun a gida me shari'a ta tanadar wa mara lafiyan da dole ta sa ya saka ɗinkakken kaya, akwai fidiya a kai.

Yanzu azumi. Ƙanena na fahimce ka wallahi, Umarar Ramadan ce, kana so ka shiga ƙasa mai tsarki da azumi a baki, niyya ce mai kyau Allah ya bada ladanta. Amma ban goyi baya ba ko kaɗan. Allah da kansa ya sauƙaƙa wa mara lafiya da matafiyi a Suratul Baƙara aya ta 185, kai kuma ranar nan duka biyun ne. Ruwa shine babban makaminka a jirgi, in jiki ya bushe jini yana kauri, ƙwayoyin su fi saurin lanƙwashewa, a daidai lokacin da oksijin ya ragu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka fara sha sosai tun kwana biyu kafin tafiya, a jirgi kuma kofi ɗaya duk awa ko fiye, ka shiga da gora babu komai ka cika bayan an gama bincike ko ka ba ma'aikatan su cika maka. Ka bar lemon kwalba mai gas da shan kofi irin su Neskafe, ranar kuma ba ranar wake ko ɗan wake bace saboda kumburin da na faɗa. Sauran kwanakin azumin a can kuma kai da likitanka da malaminka, ba kai da abokan ɗaki ba.

Akwai wata baiwar Allah da bana mantawa, SS ce itama, shekarunta basu kai naka ba. Da ta dawo take bani labari a ɗakin jinya, wai tun daga gida ta ƙi shan komai saboda tana jin tsoron bayin jirgi, an ce mata yana zuƙe mutum, kuma tana kujerar taga tana jin kunyar ta tashi maza biyu. Awa biyar bata motsa ba bata kurɓi ruwa ba, mayafi ɗan siriri. Tun kafin a sauka bayanta ya fara, daga filin jirgi sai asibiti, kwana huɗu cikin kwanakinta goma a gado ta yi su ana mata ƙarin ruwa. Tana faɗa tana hawaye, ba ciwon ne ya fi damunta ba, sallolin Harami da suka wuce ta. Shi yasa nake ce maka ka nemi kujerar bakin hanya, ka tashi duk awa ɗaya ka taka zuwa baya ka dawo, kana zaune ka dinga motsa ƙafa, dan masu sikila sun fi saurin samun daskarewar jini a ƙafa. Bayin jirgi kuma ƙara ce kawai, ba abun da yake yi wa mutum.

Kar ka sha maganin barci dan tsoro, shi da maganin ciwo mai ƙarfi suna rage numfashi, a sama kuwa ba a son haka. In kana taɓa shisha ko sigari, ban ce kana yi ba, to ka sani hayaƙin yana kama gurbin oksijin a jini na awanni. In mura ko zazzaɓi ko tari ya kama ka ana gobe tafiya ka koma wajen likita, ɗaga tikiti ya fi.

Kana shiga ka faɗa wa ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin a hankali cewa kana da sikila ga takardarka, ka kuma samu mutum ɗaya cikin ayarinku da ya sani ya zauna kusa. Abun da yasa na dage a kan wannan, ƙarancin oksijin baya zuwa da shaƙewa kamar yadda mutane suke zato, a sace yake zuwa, ciwon kai, jiri, kasala, mutum ya dinga magana ba kan gado ko ma ya ji wani daɗi-daɗi, shi bai san yana cikin matsala ba sai na kusa dashi ya lura. In kaji ciwon ƙirji, haki kana zaune, ciwon ƙashi ya fara, ciwo a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, ko hannu ko baki ya saki, danna ƙararrawa nan take kar kace bari in daure a sauka, suna da oksijin na gaggawa, suna iya magana da likita a ƙasa. Ka bambance wannan da na tsoro, wanda shi kuma numfashi ne da sauri-sauri har yatsu da leɓe su dinga jin kamar ana tsira musu allura, yawanci lokacin tashi ko in jirgi ya shiga gargada, maganinsa ka ja numfashi a hankali ka saki a hankali kana zikirinka. In ka kasa gane wanne ne, kira su, ba abun kunya bane. In ka siyi oksimita ka fara gwadawa a gida ka san lambarka ta kullum, yatsa mai sanyi yana bada lambar ƙarya, haka baƙin lalle da jan farce ga mata, kuma in jikinka yace maka akwai matsala ka yarda da jikin ko na'urar tace lafiya.

Abun da maƙociya take nufi da ƙarewar iska, wato matsin cikin jirgi ya zube, yana faruwa amma da wuya ƙwarai. In ya faru, da matsin ciki ya kai kamar ƙafa 14,000 takunkumi zai faɗo da kansa daga saman kujera, ka ja shi da ɗan ƙarfi ka rufe hanci da baki, yana bada oksijin na wajen minti 12 zuwa 15, matuƙi kuma cikin 'yan mintuna zai sauko da jirgin ƙafa 10,000 inda kowa zai iya numfashi. Ko ledar bata kumbura ba iskar tana zuwa. Suna cewa ka saka naka kafin ka taimaki wani saboda a ƙafa 35,000 sakan 30 zuwa 60 kawai mutum yake da ita kafin hankalinsa ya gushe. A 2005 wani jirgin Helios da ya tashi daga Saifurus ya faɗi a Girka da mutum 121 saboda matsin bai hau ba tun daga tashi kuma matuƙan basu gane ƙararrawar da take musu ba har suka suma, bayan nan an ƙara gyara a tsarin gargaɗi da horon matuƙa. Na kawo maka ne dan in ana bayanin takunkumi kafin tashi ka ajiye waya ka kalla.

In ka sauka kar ka biye wa masu cewa a wuce ayi Umara a gama a daren. Ciwon sau da yawa ba a jirgi yake tashi ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ka kwanta, ka sha ruwa, kayi wanka da ruwan ɗumi, washegari da daddare ko bayan asuba kayi ɗawafinka. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ga tayil mai sanyi ga na'urar sanyaya waje, in ka gaji akwai keken turawa kuma Umararka ta yi. Hawa dutsen Hira ka barshi, ziyarar Ɗa'ifa ma da ake kai mutane a mota garin yana wajen mita 1,800, ka tambayi likita kafin ka saka sunanka. Wani abun kwantar da hankali, sikila sananniya ce a Saudiyya, suna da ita sosai a gabashin ƙasar da yankin Jizan, tun 2004 ma suka wajabta gwajin jini kafin aure, so likitocinsu sun san ciwon. Lambar motar asibiti 997 ce, ka ajiye a waya, ka kuma tambayi ejen takardar inshorar lafiyar da take tare da bizar.

Umma kuma, kar ka ja da ita, kar ka haɗa ta da Kawu. Matar nan shekara 27 tana kwana a bencin asibiti saboda kai, duk allurar da aka maka a jikinta ta ji, in tace tana tsoro ba jahilci bane. Ka ɗauke ta ku je wajen likitan tare, ta zauna ta ji da kunnenta, ta yi duk tambayar da take so, ka nuna mata takardar da magungunan da rigar sanyin da sunan wanda zai zauna kusa dakai. In likita yace bana jinin bai kai ba a bari sai ya hau, to ka haƙura a ɗaga, Umara duk shekara ana yi kuma ka ce wa Kawu ya riƙe maka alkawarin. In yace bismillah, ina kyautata zaton da bakinta zata saka maka albarka, mu ma haka mukayi da tamu mahaifiyar kafin ta saki ƙanwata, sai da ta ji daga bakin likita sannan ta tashi ta fara haɗa mata kaya.

Ka rubuto min bayan kun dawo daga asibitin, ka faɗa min Hb ɗin da lambar oksijin ɗin da kuma ta inda jirgin zai bi. Ka gaida min Umma da kyau, in Allah ya kai ka gaban Ka'aba kuma ka saka ƙanwata a addu'a, watan jiya ta sake kwanciya.